Zaɓen shugaban ƙasa na 2020–2021: yadda aka yi kampe, da yadda labarinsa ya iso kunnen jama'a

Wannan bayani ne da muka tattara a kan yaƙin neman zaɓen shugaban ƙasa na ƙarshen 2020 da farkon 2021. Mun ajiye shi nan ne don ɗalibai, da ƴan fada masu gardamar siyasa, da duk mai son ya tuna wane ne ya tsaya, me aka ja-in-ja a kai, kuma ta wace hanya maganar ta kai ga mutanen karkara.

Zaɓen ya fita daban. Tun samun ƴancin kai a 1960 har zuwa wannan zaɓe, ba a taɓa ganin zaɓaɓɓen shugaba ya miƙa wa wani zaɓaɓɓe mulki ba a Nijar. Tsarin mulkin 25 ga Nuwamba 2010 ya ce wa'adi biyu ne na shekara biyar-biyar, kuma Issoufou Mahamadou, da aka zaɓa a 2011 da 2016, bai nemi na uku ba. Wanda ya ga rikicin tazarce na 2009 da juyin mulkin Fabrairun 2010 ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ranaku da ƴan takara

An fara da zaɓen kansilolin kwamin da na jahohi ranar 13 ga Disamba 2020. Zagayen farko na shugaban ƙasa ya zo tare da na ƴan majalisar dokoki ranar 27 ga Disamba, zagaye na biyu kuma ranar 21 ga Fabrairu 2021. Mutum wajen miliyan 7.4 ne ke cikin sabon kundin masu zaɓe, wanda a karon farko aka yi shi da hoto da zanen yatsa. Runfunan zaɓe sun kusa 26,000. Maître Issaka Souna ne shugaban hukumar zaɓe ta CENI, hukumar da ƴan adawa suka ɗauki shekaru suna ƙin zama cikinta don ba su yarda da dokar zaɓen da ta kafa ta ba.

Takardun mutum 41 aka kai gaban kotun tsarin mulki. Ranar 13 ga Nuwamba ta amince da 30. Kuɗin ajiyar takara miliyan 25 ne na sefa, kuma akwai waɗanda nan suka tsaya. Amma sunan da ya girgiza ƙasa shi ne na Hama Amadou na jam'iyyar Lumana, wanda ya zo na biyu a 2016. Kotu ta ce ɗaurin shekara guda da aka yanke masa a shari'ar jariran nan ya hana shi tsayawa bisa dokar zaɓe. Shi da magoya bayansa sun daɗe suna cewa shari'ar ta siyasa ce. Daga baya ya ce wa mutanensa su zaɓi Mahamane Ousmane.

Bazoum Mohamed na PNDS-Tarayya tsohon malamin falsafa ne, ya riƙe ma'aikatar harkokin waje da ta cikin gida. Jam'iyyarsa ta tsaida shi tun ƙarshen Maris 2019, wato wata ashirin da wani abu kafin zaɓe, ya kuma ajiye aikin minista a watan Yunin 2020. Mahamane Ousmane na RDR-Tchanji, wanda ake wa laƙabi da Nafarko, shi ne shugaban da aka zaɓa a 1993, soja suka kifar da shi a Janairun 1996, sannan ya shugabanci majalisar dokoki daga 1999 zuwa 2009. Sauran manya sun haɗa da Seini Oumarou na MNSD-Nassara, Albadé Abouba na MPR-Jamhuriya, Ibrahim Yacouba na MPN-Kiishin Kassa, da Janar Salou Djibo da ya jagoranci riƙon ƙwarya na 2010. Babu mace ko ɗaya cikin talatin ɗin.

Me doka ta ce a kan kafofin labarai

Dokar zaɓe ta ba da mako uku na kampe, a rufe kwana biyu kafin ranar jefa ƙuri'a. Na zagayen farko ya buɗe ranar 5 ga Disamba, ya rufe daren 25. Hukumar ƙoli ta sadarwa, CSC, mai mambobi 15, wadda Dakta Kabir Sani ke shugabanta a lokacin, ita tsarin mulki ya ɗora wa raba lokaci a kafofin gwamnati: Muryar Sahel, Tele Sahel da jaridar Le Sahel. Kowane ɗan takara na da haƙƙin saƙonsa kyauta, a Faransanci da harsunan ƙasa, kuma ƙuri'a ake jefawa don sanin wa zai riga wa fita. A takarda, mai jam'iyyar da ba ta da ko kansila ɗaya daidai yake da ɗan takarar jam'iyya mai mulki.

To amma fa a lura, wannan daidaito na mako uku ne kawai. Kafin ranar buɗe kampe, labaran ƙarfe takwas na cike da aza tubali, yanke kirtani da rangadin magabata, kuma ba a lissafa wannan a matsayin kampe. Ƴan adawa sun yi ta kuka cewa zagayen da Bazoum ya yi cikin jahohi tun 2019 kampe ne kafin lokaci. PNDS ta ce ziyarar magoya baya ce, kuma ba wanda aka hana yin tasa. A namu ganin, matsalar na cikin dokar kanta: ta auna mintocin mako uku da sikeli, ta bar shekara biyu ba awo.

Kafofi masu zaman kansu, irin su Anfani, Ténéré, Dounia, Saraounia, Bonferey da Labari, suna iya sayar da lokaci ga jam'iyyu. Nan kuɗi ke magana. Mai iya biyan watsa gangaminsa kai tsaye na awa biyu ba ɗaya yake da mai biyan sanarwar minti ɗaya ba. Kuma masu sauraro a Yamai sun san tashar da ta karkata nan da wadda ta karkata can, ba sai an gaya masu ba.

Mu gidajen rediyon al'umma, tun daga na farko da aka buɗe a Bankilare a 1999, ƙa'idarmu ita ce ba mu da jam'iyya. Aikin da ya fi faɗo mana lokacin zaɓe shi ne na wayar da kai: ina ake karɓar kati, yaya ake dangwala yatsa kan takarda guda mai hotuna talatin ba tare da ƙuri'a ta lalace ba, ƙarfe nawa runfa ke buɗewa. A ƙasar da kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai na manya ke iya karatu, wannan aiki ne babba. Tashoshi da yawa kuma suna ɗauko shirye-shiryen Studio Kalangou, da aka kafa a 2016, mai watsa labarai a Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Buzanci da Faransanci. Sai kuma sassan Hausa na BBC, Muryar Amurka, DW da RFI, da mutanenmu suka saba kamawa safe da yamma a lokacin.

Abin da ya kamata a yi gardama a kai

Batutuwa ba su yi ƙaranci ba. Tsaro na gaba: sojoji 71 a Inates cikin Disambar 2019, 89 a Chinégodar cikin Janairun 2020, mutum takwas a Kouré cikin Agusta. Ana tsakiyar kampe aka kai hari Toumour a jahar Diffa, daren zaɓen kansiloli. Ranar 2 ga Janairu 2021, ranar da CENI ta ba da sakamakon zagayen farko, aka kashe farar hula wajen ɗari a Tchoma Bangou da Zaroumdareye cikin jahar Tillaberi. A nan kudu kuma, mutanen Madarunfa da Gidan Runji na fama da satar shanu da satar mutane don kuɗin fansa, ga dubban ƴan gudun hijira da suka tsallako daga Sakkwato, Zamfara da Katsina tun 2019.

Akwai maganar binciken ma'aikatar tsaro, wanda rahotonsa na farko ya yi zancen asarar kuɗi wajen miliyar 76 na sefa a cinikin kayan soja. Zanga-zangar 15 ga Maris 2020 a Yamai a kan wannan batu ta ƙare da gobara a kasuwar Tagabati da rasa rayuka. Akwai makaranta, inda galibin malamai ƴan kwantaragi ne, azuzuwa da yawa na zana ne, shekarar karatu kuma ba ta cika ba. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya kan ci gaban ɗan Adam ya fito tsakiyar Disambar 2020, ya sa Nijar ta 189 cikin ƙasashe 189.

Sai batun da ya fi taɓa aljihun ɗan kasuwar Maraɗi, Ƙonni da Damagaram: iyakar Najeriya, da aka rufe tun Agustan 2019. Ranar 16 ga Disamba 2020, kwana goma sha ɗaya kafin zaɓe, Abuja ta sanar da buɗe ƙofofi huɗu. Illela da Maigatari na ciki, Jibiya ba ta ciki. Wata goma sha shida kenan wake, albasa, tattasai da dabbobi na bin hanyoyin daji ko suna karyewa a kasuwa. Ranar 9 ga Fabrairu 2021 kuma, ana cikin kampen zagaye na biyu, aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi. Ga bututun mai daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin, mai tsawon kilomita kusan 2,000, da tambayar da kowa ke yi a Damagaram tun buɗe matatar SORAZ a 2011: kuɗin man nan, nawa ke dawowa jahohin da ake haƙo shi da tace shi?

Bazoum ya fito da shirin da ya kira kashi na uku na farfaɗo da ƙasa, wato ci gaba daga inda Issoufou ya tsaya. Abin da ya fi nanatawa shi ne ilimi, musamman gina makarantun kwana na ƴan mata don su daɗe a lakwal, yana danganta wannan da auren wuri da yawan haihuwa. Ousmane ya tsaya kan kalmar da ke cikin sunan jam'iyyarsa, canji, yana cewa shekara goma na mulkin PNDS sun isa, yana sukar yadda aka tafiyar da dukiyar ƙasa da shari'a. Waɗannan matsayi biyu ne da za a iya zaunawa a auna. Nawa makarantar kwana guda ke ci, wa zai ciyar da yaran, su wane malamai? Canjin, daga wace ma'aikata zai fara, da wane kuɗi? Tambayoyin nan ba su samu fili sosai ba. Saƙon da ɗan takara ke karantawa a Tele Sahel jawabi ne, ba mai katse shi ya ce malam, a ina za ka samo kuɗin.

Abin da aka yi gardama a kai

Maganar da ta cinye kampe ita ce ta takardun Bazoum. Ayar doka ta 47 ta tsarin mulki ta ce mai neman shugabanci sai ɗan Nijar na asali. Wasu ƴan takarar adawa sun shigar da ƙara cewa takardar shaidar zama ɗan ƙasa da ya gabatar ba ta inganta ba. Shi kuma ya ce an haife shi a 1960 a Bilabrin cikin jahar Diffa, ya tashi a yankin Tesker, ya yi karatu da aiki a ƙasar nan, ya yi ɗan majalisa da minista ba wanda ya tada zancen. Kotun tsarin mulki ta yi watsi da ƙararrakin.

A gaban alƙali, tambaya ce ta takarda, kuma kowa na da ƴancin yin ta. Amma da ta fito titi sai ta sauya kama, ta koma zancen launin fata, ƙabila da wane ne ɗan gida wane ne baƙo. Tsarin mulkin 2010 ya haramta jam'iyyar ƙabila, ta yanki ko ta addini, ya kuma ce nuna ɓangaranci laifi ne. Duk da haka an ji kalamai a gangami da cikin wayoyi da ba za mu iya maimaita su a iska ba. Ɗaya ɓangaren ma bai rasa nasa ba: maimakon amsa sukar da ake wa mulkinsu, wasu masu magana da yawun masu rinjaye sun fi son tono tarihin 1993 zuwa 1996, da rikicin zaman tare tsakanin Ousmane da Hama Amadou lokacin yana firaminista. Matashin da aka haifa a 2000, wanda karon farko kenan zai yi zaɓe, sai ya tarar ana yi masa shari'ar abin da ya faru kafin a haife shi.

Bayan zagayen farko kuma sai zance ya koma lissafin ƙawance. Bazoum ya samu kashi 39 da ɗan ɗori cikin ɗari, Ousmane kusan 17, Seini Oumarou kusan 9, Albadé Abouba 7, Ibrahim Yacouba 5. Kusan kashi 70 na masu rajista sun fito. Seini da Albadé suka mara wa Bazoum baya, ƙawancen adawa na Cap 20-21 ya tsaya wa Ousmane. Makonni aka kwashe kanun labarai na wa ya koma wajen wa.

Kampe cikin waya

Nan ne muke son mu ɗan daɗe, don nan ne abin ya bambanta da zaɓukan baya. Gangami dai an yi shi kamar kullum, duk da cutar korona da ta sake tasowa a Disamba: atamfa mai hoton ɗan takara, ayarin ƴan kabu-kabu, maroƙa, mawaƙa, runfunan shayi masu tutar jam'iyya a kowace kusurwa. Amma maganar da ta fi yawo ba a dandali aka yi ta ba. A WhatsApp aka yi ta, da saƙon murya.

Dalilin a fili yake. Saƙon murya ba ya buƙatar karatu. Mutum ya danna, ya yi minti uku yana magana da Hausa ko Zabarmanci, ya tura zaure mai mutum ɗari biyu. Kafin la'asar ya kai Agadas, ya kai wurin ƴan cirani a Kano, Akara da Abijan, ya dawo ƙauye ta wayar ɗan da ke waje. Waya guda a fada tana ciyar da kunnuwa goma. Wanda ba shi da intanet ma ana zuba masa a katin waya wurin mai cajin batir. Ba sunan mai magana, ba ranar da aka ɗauka, ba wanda za a kira ya ba da amsa. Ana ɗauko tsohon hoton taro a ce na jiya ne, a yanko rabin jimlar ɗan siyasa a bar sauran, a rubuta sakamakon runfa a takarda a ɗauki hoto tun ba a gama ƙidaya ba.

A lokacin, ɗan jarida a tasha, in ya faɗi abin da ba haka ba, akwai CSC da za ta kira shi, akwai haƙƙin maida martani, akwai shugaban tasha. Sakamakon zaɓe kuwa, a lokacin ba mu da izinin ba da shi sai wanda CENI ta bayyana, kwamin bayan kwamin. Duk wannan shinge an gina shi ne kewaye da eriya. Wayar da ke aljihu tana wajen shingen.

Abin da hukuma ke da shi a hannu lokacin shi ne dokar 2019 ta laifukan intanet. Ta tanadi ɗaurin wata shida zuwa shekara uku da tarar miliyan ɗaya zuwa biyar ga ɓata suna ta intanet ko watsa abin da ka iya tada hankalin jama'a. Ƴan jarida sun yi ta ƙorafi a kanta, don tun 2010 aka soke ɗaure ɗan jarida saboda abin da ya rubuta, Issoufou kuma ya sa hannu kan sanarwar Table Mountain a ƙarshen Nuwamban 2011, ga shi wannan doka ta dawo da kurkuku ta bayan gida. Misalin da aka fi sani shi ne na ƴar jarida Samira Sabou, da aka tsare a watan Yunin 2020 kan wani rubutu a Facebook game da binciken ma'aikatar tsaro, ta yi kusan mako bakwai a gidan kaso kafin kotu ta sallame ta. Ga abin da ya kamata mai waya ya sani: dokar ta yi maganar watsawa, ba ƙirƙira kaɗai ba. Wai ni turo mini aka yi, ba kariya ba ce. Sai dai a aikace, dokar ta fi kama mai suna da fuska. Muryar da ba a san mai ita ba ta ci gaba da yawonta.

Ranar zaɓe da bayanta

Ranar 21 ga Fabrairu, motar ma'aikatan CENI ta taka nakiya a kwamin ɗin Dargol cikin jahar Tillaberi, mutum bakwai suka rasu. Ranar 23 hukumar ta ba da sakamakon wucin gadi: Bazoum kashi 55.75, Ousmane 44.25. Tawa ta ba Bazoum ƙuri'a mai yawan gaske, Yamai da Damagaram suka bi Ousmane. Tun kafin a gama karantawa ɓangaren Ousmane ya ce an yi maguɗi, washegari kuma shi da kansa ya ce shi ya ci da kashi 50.3, yana nuna yatsa ga alƙaluman wasu yankunan makiyaya. PNDS ta musanta.

Tarzoma ta tashi a Yamai da wasu garuruwa. Ministan cikin gida Alkache Alhada ya ce mutum biyu sun mutu, an kama 468. Ranar 25 ga wata aka far wa gidan Moussa Kaka, wakilin RFI, aka cinna wa wani sashensa wuta. Daga ranar 24 ga Fabrairu intanet ta wayar salula ta ɗauke a faɗin ƙasa, ba ta dawo ba sai bayan kwana goma.

Kwana goman nan sun nuna abubuwa biyu. Jita-jita ba ta mutu ba, ta koma baki da baki da kiran waya, kuma yanzu ba hanyar da mutum zai bi ya duba ko gaskiya ne. Sannan yankewar ba ta zaɓi mai laifi ba: ta haɗa da mai sayar da kaya ta WhatsApp, da ɗalibi, da uwar da ke jiran muryar ɗanta daga Libiya, da wakilan tashoshi da ke turo rahoto daga ƙauyuka ta wannan hanya. Mutane da yawa suka koma kan akwatin rediyo, kamar shekarun baya.

Gwamnati ta ɗora alhakin tarzomar kan Hama Amadou. Ya kai kansa wurin ƴan sanda ranar 26 ga Fabrairu, farkon Maris aka kai shi gidan kason Filinge, inda ya yi zaman kampen 2016. Ranar 21 ga Maris kotun tsarin mulki ta soke sakamakon wasu runfuna, ta tabbatar da Bazoum da kashi 55.66, Ousmane 44.34. Ousmane bai amince ba. Daren 30 wayewar 31 ga Maris aka ji harbe-harbe kusa da fadar shugaban ƙasa, gwamnati ta ce yunƙurin juyin mulki ne aka murƙushe. An yi rantsuwa ranar 2 ga Afrilu 2021.

A majalisar dokoki PNDS ta samu kujeru kusan 80, Lumana ta biyo da 19. Kujeru 166 aka cika cikin 171. Biyar ɗin da suka rage na ƴan Nijar mazauna waje ne, waɗanda ba a yi wa rajista ba saboda korona ta hana ma'aikatan CENI fita. Ƴan cirani da ƴan kasuwarmu na Najeriya, Gana, Kwaddibuwa da sauran wurare, da suka fi kowa tura saƙonnin kampe gida, ba su jefa ƙuri'a ba a zagaye biyun.